Gwal ko Azurfa: Da Wanne Mai Zanen Kayan Ado Zai Fara a Kano?

Mai son ya kafa sana'ar kayan ado ta kansa a Kano, wato ya zana, a ƙera, ya buga tambarinsa ya sayar, yakan ɓata watanni yana neman sunan da zai raɗa wa sana'ar da launin kwalin da zai riƙa saka kaya. Waɗannan duk suna iya jira. Abin da ba ya jira shi ne ƙarfen da za a zuba jarin farko a kansa, gwal ko azurfa, domin shi zai zaɓa maka masu saye, shi zai iyakance irin zanen da za ka iya yi, har yawan barcinka da dare yana hannunsa. Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan masu farawa azurfa ce ƙofa, gwal kuma a shige shi daga baya, da gwal ɗin mutane kafin naka. Akwai waɗanda wannan shawara ba tasu ba ce, zan zo kansu.

A fara da yadda ake sayen gwal a garin nan, don a nan masu zane suka fi yaudarar kansu. Je ka zauna a benci a shagon 'yan gwal ka kasa kunne. Ba za ka ji Hajiya ta tambayi wanda ya zana sarƙa ba. "Alhaji, nawa giram yau?" ita ce tambayar farko. Sai "ɗan Dubai ne ko ɗan Saudiyya?" Sai ta ce a ɗora mata a sikeli, ta leƙa lambar da idonta. Gwal a wurinta ajiya ne kafin ya zama ado. Ranar da kuɗin makarantar yara ya taso, ko likita ya rubuta aiki, ko wani fili ya faɗo da araha, wannan sarƙar za ta ciro daga ƙasan akwati. A ranar kuwa mai saye zai ɓanɓare duwatsun jiki, ya goga a dutsen gwaji, ya auna, ya biya kuɗin ƙarfe kawai. Ladan ƙira ya bi ruwa. Tun ranar da take saye ta san da haka, shi ya sa duk nairar da aka ɗora a kan kuɗin giram sai an kai ruwa rana da ita. Kuma lissafinta daidai ne.

To kai me kake sayarwa? Abin da take ƙin biya ɗin nan shi ne hajarka. Dararen da ka yi kana zane, gwajin da aka narkar aka sake, ladan maƙeri, kuɗin haya, duk a cikin ɗan abin da ake ɗorawa bayan kuɗin giram za su fito. A wannan ɗan tsagin kuma da injuna kake gasa. Sarƙoƙin da ake saƙawa a masana'antun Arezzo da Vicenza na Italiya, da awarwaron da ake bugawa da rami a ciki, ya cika ido ya yi sauƙi a sikeli, irin wanda ake sarowa daga kasuwar gwal ta Deira a Dubai, babu maƙerin hannu da zai yi su a kan ladan da inji ya yi. Ka ajiye naka kusa da nasu: naka ya fi nauyi, ya fi tsada, ga shi ba a san sunanka ba.

Sai maganar jari. Da dala ake yanka farashin gwal a duniya, a kan oza mai giram 31.1. Ya haura dala 2,000 a Agustan 2020, ya haura 3,000 a Maris ɗin 2025, a Oktoban shekarar ya wuce 4,000. Mu a nan duka biyu muka sha, domin a Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Shi ya sa ɗan gwal kullum kunnensa ɗaya yana kan farashin Landan, ɗayan yana Wapa, kasuwar 'yan canji. Azurfa ma ta tashi, ta kai dala 50 a Oktoban 2025, amma ratar da ke tsakaninsu babba ce. A mafi yawan shekaru goman da suka wuce, giram ɗaya na gwal yakan sayi giram 65 zuwa 90 na azurfa.

Mu ɗauki 80 don sauƙin lissafi. A ce jarinka ya isa ya sayi giram 100 na gwal mai karat 21. A karat 21 kashi 875 cikin 1,000 ne gwal zalla, sauran haɗi ne, ke nan gwal ɗinka na ainihi giram 87.5 ne. Idan seti ɗaya, sarƙa da 'yan kunne da zobe, ya ci giram 25, seti huɗu ke nan a gilashinka, shi ke nan. Hajiya ta shigo ta ce babu wanda ya yi mata, ba ka da na biyar da za ka ciro. Wannan kuɗin dai a azurfa kilo 7 ne na zalla, idan aka haɗa ta da jan ƙarfe ta zama mai lamba 925, wato kashi 925 cikin 1,000 azurfa zalla, ta haura kilo 7 da rabi. Zobe mai giram 6 sama da 1,200 ke nan. Ba wanda zai sayi wannan tulin a farawa, ba a ma so. Kilo ɗaya ya isa a fara, ragowar kuɗin ya tafi inda sana'ar zane ta fi jin yunwa: kayan aiki, duwatsu, sola don injin gogewa, mai ɗaukar hoto na kirki, da ladan maƙeri na watannin da ciniki bai kankama ba.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a takardar lissafi. Hannun mai zane ba ya nuna sai ya ɓata abubuwa da yawa. Zoben farko zai fito a karkace, maƙallin ɗan kunne zai karye, a narkar a sake. Duk narkawa, duk bi da magagari, duk gogewa, akwai ɗan abin da ke bin iska ko ya maƙale a tsumma. A azurfa rabin giram ya salwanta ka yi tsaki ka wuce. A gwal rabin giram ɗin yana iya cinye ribar abin gaba ɗaya. Shi ya sa maƙerin gwal yake shimfiɗa fata a ƙarƙashin teburinsa, yake tara sharar shago a buhu don a ƙona a tace, har ruwan wanke hannunsa sai ya bari ya kwanta kafin ya zubar. Sabon mai zane a irin wannan hali tsoro ne zai riƙe masa hannu, ya koma kwaikwayon abin da ya tabbatar yana fita, wato ƙirar Dubai. Daga nan ya zama ɗan sari mai wahalar da kansa.

Wa zai sayi azurfar? Amsar da aka fi mantawa da ita ita ce maza. Shari'a ta haramta wa namiji sa gwal, ta halatta masa zoben azurfa, zoben Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, na azurfa ne. Rabin mutanen gari ke nan da gwal ba zai taɓa hawa yatsansu ba. Dubi hannun 'yan kasuwar Kwari, da malamai, da angwaye ranar ɗaurin aure. Zobban nan yawanci tsarabar Makka ne ko na tebur, ƙira iri ɗaya, dutse iri ɗaya, wasu ma mai su bai tabbatar azurfa ce ta gaske ba. Mutumin da ya ɗinka shadda mai tsada, ya kafa hular saƙar hannu, ya ɗaura agogo na ji da gani, ba zai ƙi biyan kuɗin zoben da aka yi don yatsansa ba, kuma ba zai tambaye ka nawa za ka saya in ya dawo da shi ba. Sai dai ka san ƙa'idar. A mazhabar Malikiyya zoben namiji guda ɗaya ne, kuma nauyinsa kada ya wuce dirhami biyu, wajen giram 6. Wasu masu saye ba sa tambaya, wasu kuwa za su tambaya, kuma mai zanen da ya iya fitar da zobe mai cika ido a cikin giram 6, ya rarake bayansa ya faɗaɗa fuskarsa, ya sami abin faɗa wa malamai da almajiransu wanda mai tebur ba shi da shi.

Wajen mata abin ya fi wuya. Azurfa ba ta tsayawa a madadin gwal a akwatin lefe. Duk kyan zanenka, gwaggon amarya za ta ɗaga ta juya ta ce araha ba ta ado, ta ajiye. Kada ka ɓata ƙarfinka wajen canza wannan. Matan da za su sayi azurfarka wasu ne daban, ko kuwa su ɗin ne a wata rana daban: ma'aikaciyar banki ko asibiti da ba za ta shiga adaidaita-sahu da gwal a wuya ba, ɗalibar BUK, wadda kunnenta ke ƙaiƙayi yana ruwa in ta sa 'yan kunnen yayi saboda nikel ɗin da ke cikinsu, ƙawayen amarya masu neman ankon abin wuya, da 'yan Arewa mazauna Abuja da Legas da ƙasashen waje masu son abin da za a gani a san daga gida yake. Waɗannan kyau suke biya. Ba wadda za ta ce a ɗora mata a sikeli, don haka kai ke yanka farashin zanenka.

Azurfa kuma ba baƙuwa ba ce a nan. Kafin kuɗin man fetur da jiragen alhazai su cika akwatuna da gwal, adon kakanninmu munduwa ce da zobba da awarwaron azurfa, da tsakiya da murjani. Maƙeran farfaru, waɗanda aikinsu azurfa ne da tagulla ba garma da fartanya ba, sukan narkar da liyari, tsabar azurfar nan ta Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tareza da shekarar 1780 a jikinta, su mai da ita abin hannu. Kasuwar Kurmi, wadda ake ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau ana tsintar irin wannan aiki a rumfunanta, ga kuma aikin Buzayen Agadas masu zuba azurfa a gurbin kakin zuma. Wanda ya shiga Gidan Makama da littafi da fensir ya dubi zanen bango, ya dubi aska takwas da tambari a jikin babbar riga, ya dubi sassaƙar ƙwarya da aikin dukawa, zai fito da abin da zai ishe shi shekaru. Dagin Arewa kam a ɗan bar shi ya huta, kowa ya manna shi a komai. Irin wannan zane mai faɗi da zurfin layi azurfa yake so, domin baƙin da ke kwanciya a cikin ramukan shi ke fito da shi sarari.

Wannan baƙin dai shi ne ciwon kan farko. Azurfa tana dushewa ta yi duhu, sinadarin farar wuta da ke cikin iska da gumi ne ke kama fuskarta, da damina kuma abin ya fi sauri. Mace ta fesa turare a wuya, ta turara jiki a kan kasko, bayan 'yan makonni ta turo maka hoto a WhatsApp: "Malam, ashe jabu ka sayar min?" In ba ka yi mata bayani tun ranar saye ba, ka rasa ta ka rasa ƙawayenta. Maganin ba shi da tsada: ɗan ƙyallen gogewa a kowane kwali, 'yar takarda mai layi uku da Hausa, da alkawarin wankewa kyauta duk ranar da aka kawo. Wadda ta dawo wanki ma ba ta cika fita hannu rabbana ba. Ana iya yi wa azurfa ruwan wani farin ƙarfe da ake kira rodiyam ya tsare ta, sai dai yana kashe sanyin haskenta, kuma a zobe goguwa yake.

Jabu ya fi wannan hatsari. Lambar 925 ba ta da wuyar bugawa, kowa na iya sayen abin buga ta. Akwai farin ƙarfen da ake kira azurfar Jamus, haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya, babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Akwai tagullar da aka yi wa ruwan azurfa. Mayen ƙarfe ba ya kama su, don haka wannan gwajin bai isa ba. Kada ka narkar da tsofaffin zobban kasuwa ka ce ka sami garaɓasa. Sayi azurfa zalla, a haɗa a gabanka, giram 925 da giram 75 na jan ƙarfe, ka kai samfuri a gwada da asid ko na'ura kafin ka buga tambarinka. In kuma wata 'yar'uwa a Ingila za ta riƙa karɓar kayanka tana sayarwa, ku sani dokarsu ta 1973 ta hana a sayar da abu da sunan azurfa in ya wuce giram 7.78, ko da sunan gwal in ya wuce giram 1, sai da hatimin ɗaya daga ofisoshin gwajinsu huɗu, irin na Landan da na Bamingam.

Wani zai ce a raba gardama, a ƙera da azurfa a yi mata ruwan gwal. Ban cika so ba, musamman ga zobe da abin hannu. Wanke-wanke da alwala sau biyar a rana suna gama da ruwan, kuma da zarar abu ya yi launin gwal alhali ba gwal ba ne, a idon Kano ya shiga layin kayan yayi na Sabon Gari, waɗanda ba za ka taɓa karya farashinsu ba. A 'yan kunne da kan sarƙa yakan jima. In za ka yi, rubuta a rasit ƙarara cewa azurfa ce mai ruwan gwal.

Duwatsu ma sun fi karkata ga azurfa a farawa. Ƙasar nan tana da su: safaya a tsaunin Mambila na Taraba, zumurrudu a yankin Nasarawa Eggon da Gwantu, tomalin a Oyo da Nasarawa, akwamarin da tofaz a kewayen Jos, inda dillalan duwatsu suke taruwa. Mai sayen gwal tana gudun dutse don ta san ranar sayarwa cire shi za a yi. Ga kuma karat 21 da 22, waɗanda Kano ke so don jan launinsu, laushi gare su, ƙananan ƙafafun da ke riƙe dutse suna buɗewa. Karat 18, mai kashi 750, ya fi riƙo, amma a nan kallon ƙanen gwal ake masa. Azurfa ma ba tauri ne da ita ba, shi ya sa ya fi kyau a kewaye dutsen da bango maimakon a ɗora shi a kan ƙafafu. Fara da yankakken dutse daga hannun wanda ka sani. Ɗanyen dutse caca ce ga wanda bai iya duba shi ba, kuma kwalba mai launi ta sha wucewa da sunan zumurrudu. Dutsen da ya yi tsada sosai kuwa, a ajiye shi har ranar da aka sami mai odar gwal.

Kada kuma ka ɗauka zanen da ya karɓu a azurfa juye shi kawai za a yi a gwal. A gurbi ɗaya, abin da ya ci giram 10 na azurfa zai ci wajen 15 a karat 18, wajen 17 a karat 22. Munduwar azurfa mai giram 40 da kowa ke yabawa, a gwal ta doshi giram 70, sai matar attajiri. Dole a sake tunaninta, a sirantar, a huhhuda, a rarake. Shekarun azurfa za su ba ka ido da suna, amma hannun gwal sai ka sake koyo.

Wurin da ƙarafan biyu suka yi kunnen doki shi ne hukuncin ciniki. Hadisi ya ambace su tare: gwal da gwal, azurfa da azurfa, daidai wa daida, hannu da hannu. Mafi yawan malamai sun ba kuɗin takarda hukuncinsu, don haka ba sa yarda a sayar da gwal ko azurfa bashi ko biyan kaɗan-kaɗan. Akwai waɗanda suka sassauta a kan abin da aka riga aka ƙera, irin su Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, amma a Kano za ka haɗu da masu saye da yawa da ba sa bin wannan. Hukuncin ɗaya ne, wahalar ce ta bambanta. Kuɗin zoben azurfa take ake turo shi. Setin gwal kuwa shi ke jawo "bari in ba da rabi" da "ga tsohona, in cika in karɓi sabo", nan ne kuma ake zamewa. Hanyar da ba gardama a kanta ita ce ta sayar da tsohon, ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi sabo. Tsarin karɓar oda da kafin alƙalami, zauna da malami ku tsara shi kafin ka buɗe. Zakka ma ta shiga lissafi: ɗan kasuwa yana yi wa hajarsa ƙima duk shekara, in ta kai nisabi, dinari 20, wajen giram 85 na gwal, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Setin da ya shekara a gilashi, daga siririyar ribarsa za a fitar.

Yanzu ga hanyar da nake ganin ta fi kowacce. A gidajen Kano akwai gwal mai yawa da ba a sawa: ɗan kunnen da ɗan'uwansa ya ɓata, sarƙar da ta tsinke, setin lefen da aka daina yayinsa, gadon uwa da aka raba wa 'ya'ya mata. In ta kai kasuwa an zubar mata da ladan ƙirar farko, in ta sayi sabo ta sake biyan wani. In kuwa ta kawo maka ka narkar da nata ka ƙera mata sabon zane, ladan aiki kawai ta biya, gwal ɗinta bai canza hannu ba. Kai ba ka zuba ko kwabo a ƙarfe ba, tashin dala da faɗuwarta ba su shafe ka ba, kuma ga mai gwal ta biya kuɗin zane da daɗin rai, tunda abin da ke wuyanta babu irinsa a wurin biki. In aikin yana buƙatar ƙarin giram biyu ko uku, a sayar mata da su daban, a biya take.

Wannan aiki amana ce tsantsa, kuma amana tana son tsari. A gwada gwal ɗin a gabanta. A auna a gabanta da sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. A rubuta takarda biyu, kowa ya sa hannu. A faɗa mata tun farko cewa nauyi zai ragu, domin tsohon kaya yana ɗauke da datti da liƙin da karat ɗinsa bai kai ba, a kuma yi yarjejeniya a kan iyakar ragin. In da hali a narkar a gabanta, ko gaban ɗanta ko ƙanenta. Kada a taɓa haɗa gwal ɗin mutum biyu a tukunya ɗaya. Wa zai ba sabon shiga irin wannan amana? Wadda ta sayi azurfa a wurinka sau uku ta ga ranar da ka ce ita ce ranar, nauyin da ka rubuta shi ne nauyin. Ita za ta kawo gwal ɗin mahaifiyarta, ita kuma za ta kawo yayarta.

Masu zane da yawa, musamman mata, ba su ke zama gaban wuta ba, maƙeri suke kai wa. Tsarin nan dai shi ne tsakaninki da shi: a auna shiga, a auna fita, a rubuta, ko da kuwa Baba kike ce masa. Ki kuma sa a ranki zanenki zai fita, wata rana za ki gan shi a hannun wata da ba ke kika sayar mata ba. Dokar kare zane ta Najeriya ta 1970 ta ba da damar yi wa zane rajista na shekara 5, a sabunta sau biyu, amma bin mai kwaikwayo kotu ya fi zoben tsada. Abin da ya fi aiki shi ne a raba aikin, zubi a wurinsa, ɗora dutse da gogewa da buga tambari a wurinki.

Tsaro ba ya buƙatar dogon bayani. Azurfa ana iya fara ta a ɗaki ɗaya a gida, a tallata a Instagram, a aika Kaduna da Abuja hankali kwance. Gwal yana son akwatin ƙarfe da ƙofar ƙarfe da mai gadi, kuma ba a miƙa wa direba a tasha. Takardu kuwa iri ɗaya ne: rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ta SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki zai nema kafin ya buɗe wa mai cinikin gwal da duwatsu asusun kasuwanci. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani miliyan 10, sai ta banki, kuma setin gwal ɗaya yana iya tsallake wannan. Da zarar an ji kana aikin gwal, wani zai zo maka da garin gwal a ƙulle, ya ce daga Zamfara ko Yawuri, da farashi mai daɗi. Sayensa yana buƙatar lasisin ma'aikatar ma'adinai, ba ka san abin da ke cikinsa ba, kuma sarrafa ɗanyen ma'adini a cikin gidaje shi ya jawo gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ba shi haƙuri ya wuce.

Su wa ya kamata su tsallake azurfa? Ɗan gidan 'yan gwal, wanda sunan mahaifinsa ya riga ya saya masa amana, kuma zai iya ɗaukar giram 50 a shagon gida ya gwada zanensa, in bai fita ba a narkar. Matar da ta daɗe tana haɗa wa mutane lefe, masu sayenta suna hannu, odar ma kafin a ƙera take zuwa. Da wanda jarinsa ya kai ya cika gilashi ya kuma jure shekara ba tare da ya ci daga ciki ba. Waɗannan suna da wata fa'ida da azurfa ba za ta taɓa bayarwa ba, kuma babba ce: gwal ɗin da bai fita ba kuɗinsa na nan, yana ma bin dala sama. Abin wuyan azurfar da ka sa wa farashi ninki huɗu na ƙarfensa, in ya ƙi fita ka narkar, kashi ɗaya cikin huɗu ka tsira da shi. Ribar azurfa kuma a naira ƙarama ce, sai an tara ciniki da yawa, da amsa saƙo da naɗe kwali da bin masu kai kaya, alhali ciniki ɗaya na gwal yana iya kai na wata guda. Mai azurfa yana sayen 'yancin zane ne da gumi.

Ranar da ka yanke shawarar zuba kuɗinka a gwal, canza littafinka ya koma giram. Mutane da yawa sun sayar da riba a naira a 2023, suka koma saro suka tarar kuɗin ba zai maido giram ɗin da suka fitar ba. Kowane ciniki a rubuta giram nawa ya fita, giram nawa kuɗin zai sayo a ranar, kuma a maye gurbin ƙarfen da wuri. Fara da ƙananan abubuwan da ba sa kwana: 'yan kunnen jarirai na ranar suna, da kan sarƙa mai giram biyu ko uku mai ɗauke da zanenka. Sarƙar kanta saro ta inji, ka faɗa wa mai saye cewa ta inji ce, ka rubuta nauyinta daban da na abin da ka ƙera a rasit.